Buɗe Mana Wayar Nan

A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnan lokacin, Bello Matawalle. Kwana biyu kafin nan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai sama da 70 a sakandaren Kaya da ke Maradun. A watan Agusta sun shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a Fabrairu kuma sun tafi da 'yan mata 279 daga Jangebe. Dalilin da aka bayar shi ne waya ce ke haɗa ɓarayin daji da masu kai musu bayanai. Mako biyu aka ce, amma ƙauyuka suka yi watanni ba sabis, har mutane suna biyan kuɗin mota su fita jihar don kawai su yi kira.

Layukan sun dawo, zargin da aka ɗora wa waya bai tafi ba. Daga Ruwan Gizo zuwa Mafara, daga Bakura zuwa Maradun, mutum yana tunkarar shingen bincike yana tunanin abin da zai ce idan aka miƙo hannu aka ce ya buɗe. Kuma akwai masu ganin ya kamata ma doka ta fito fili ta ce duk wanda ya ƙi faɗin kalmar sirrinsa a ɗaure shi. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja, kuma iyayenmu suke noma a wannan yankin, muna ganin wannan ganganci ne.

Ba musun akwai infoma muke yi ba. Akwai su, sun ci amanar maƙwabtansu, an rasa rayuka saboda su. Amma a tsaya a duba lambar wa ke cikin wayar wa a yankinmu. Wanda aka sace wa ɗa, da me yake cinikin fansa? Da wayarsa. Dattijon da gari ya wakilta ya roƙi a bar mutane su girbe geronsu, lambobin su wa ke cikin tasa? Ɗan acaɓan da aka lallaɓa ya kai kuɗin da katin waya da man fetur bakin daji fa? Duk waɗannan, idan ka buɗe wayoyinsu, za ka ga kira ya shiga ya fita tsakaninsu da 'yan bindiga, wani lokaci sau goma a rana. Allon waya ba ya nuna hawayen da aka yi kiran da su. A Yunin 2022 Zamfara ta yi dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga mai kai wa 'yan bindiga bayanai. A Afrilun shekarar kuma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. To ka ce da uban da ya sayar da gonarsa ya fanso 'yarsa ya buɗe wayarsa a bakin titi, gaban matasa masu bindiga da ransu ke ɓace. Me kake so ya faru da shi kafin a kai ga alƙali?

Infoman da ya san kansa kuwa ba ya yawo da hujja a aljihu. Yana da 'yar ƙaramar waya mai maɓalli a wani wuri, da layin da ba sunansa ke kai ba, yana gama kira ya goge. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari mu faɗi dalilin da ya sa hukumomi a duniya suka matsa wa kalmar sirri, don wannan fagenmu ne. Wayoyin zamani suna dagula duk abin da ke cikinsu ta yadda ba ya karantuwa, kuma lambobin nan da kake dannawa suna cikin abin da ake haɗa mabuɗin warwarewa da shi. Tun 2016 WhatsApp ma ya kulle saƙonni ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karantawa. A shekarar ce hukumar FBI ta Amurka ta kai Apple kotu tana so ya buɗe wayar wani maharin San Bernardino, kamfanin ya ƙi. Tunda ƙofa ta gagara fasawa, sai aka koma kan mai gida. Ga misalin Ingila: dokarta ta 2000, wadda wannan ɓangaren nata ya fara aiki a 2007, tana ɗaure mutum har shekara 2 idan ya ƙi ba da mabuɗi, shekara 5 idan batun tsaron ƙasa ne. A ƙarƙashin wata dokar ta ta'addanci, kotu a Landan ta samu Muhammad Rabbani na ƙungiyar CAGE da laifi a 2017 saboda ya ƙi ba da kalmar sirrinsa a filin jirgin Heathrow. Hujjarsa ita ce na'urorin suna ɗauke da bayanan wani da ya ce an azabtar da shi, ya ba shi amana. Ba a tuhume shi da ta'addanci ba. Ƙin buɗewar kaɗai ya zama laifin.

Mu ma ba mu yi nisa da wannan ba, sai dai namu a ɓoye yake cikin takardun da ba kowa ke karantawa ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 45, ta bai wa jami'i damar neman izinin alƙali ya yi bincike, ya karɓi na'ura, ya yi amfani da fasaha wajen warware abin da aka kulle. Sashe na 46 ya tanadi ɗaurin shekara 2 ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba ga wanda ya ƙi biyan halastacciyar buƙatar jami'i. Ƙa'idojin NCC na 2019 kan sauraren sadarwa sun ƙara da cewa hukuma za ta iya neman mabuɗi daga wanda yake riƙe da shi. A ɗaya ɓangaren ga tsarin mulkin 1999: sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya, sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya, sashe na 36 ya hana tilasta wa wanda ake tuhuma ba da shaida. Kalmar sirri a ina take? A kai take. Karɓar mabuɗin ɗaki daga aljihun mutum daban, tilasta masa ya furta abin da ke ransa daban. Na biyun shaida ce a kan kansa.

Lura da kalmar da ta fi kowace muhimmanci a sashe na 45 ɗin: alƙali. Babu alƙali a shingen hanya. Shi kansa Sufeto Janar Mohammed Adamu, a ranar 4 ga Oktoban 2020, dab da ɓarkewar zanga-zangar EndSARS, ya haramta wa 'yan sanda binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai. Da ba a yi, da bai hana ba.

Akwai kuma abin da duk mai gyaran waya a kasuwar Mafara ya sani, masu rubuta doka suka kau da kai. Mutane suna mantuwa. Tsohuwa jikanta ne ya sa mata lambar, shi kuma yana Legas. Wani ya sayi waya ta hannu, da manhajar da ba shi ya kulle ba. Babu na'urar da ke bambanta "na manta" da "na ƙi". Dokar da ke hukunta ƙin faɗa dole wata rana ta ɗaure mai mantuwa.

Sai masu cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa ai ba ya tsoron bincike. Wannan magana tana ba mu mamaki a bakin Bahaushe, mutumin da ya gina zaure don baƙo ya tsaya a nan, wanda ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wanda aka karantar da shi a Suratul Hujurat cewa bin diddigin sirrin mutane haramun ne. Wayarka ba sirrinka kaɗai ta ɗauka ba. Akwai hoton matarka ba mayafi, da saƙon muryar ƙanwarka tana kukan aurenta, da sakamakon gwajin asibitin abokinka, da lissafin adashen unguwa. Waɗannan mutanen ba su tsaya a shinge ba, ba wanda ya tambaye su. Akwai kuma manhajar banki, da saƙon da ke nuna nawa ya shigo bayan ka sayar da shinkafarka ta Bakolori. A ƙasar da ake sace mutum saboda an ji labarin ya sayar da sa, sanin abin da ke asusunka makami ne. Idan har mun yarda infoma na ko'ina, me ya sa muke ɗauka ba zai iya tsayawa a bakin shinge ba?

Abin haushin shi ne gwamnati ba ta rasa hanya ba. Sashe na 38 na dokar 2015 ya wajabta wa kamfanonin waya adana bayanan kira na shekara 2. Tun Disamban 2020 aka sa mu layi a rana muna haɗa lambar NIN da layukanmu, da alƙawarin gano masu garkuwa. Wanda ya kira wa, yaushe, daga kusa da wane ƙarfen sabis, duk suna can ba tare da an taɓa wayar kowa ba. Amma 'yan bindiga suna hawa TikTok fuska a buɗe suna baje damman kuɗi, manomin da ya biya kuɗin shi ake cewa ya buɗe waya.

Idan akwai zargi mai tushe a kan mutum, a je wa alƙali, a rubuta abin da ake nema da kwanakin da ake nema, a buɗe gaban lauyansa, a rubuta sunan jami'in da ya duba. Majalisar dokoki da ke Gusau za ta iya farawa da abu mai sauƙi: ta rubuta ƙarara cewa babu wani mai tsaron shinge, na gwamnati ko na sa-kai, da ke da ikon sa matafiyi ya buɗe wayarsa, a fassara da Hausa, a liƙa a kowace tashar mota daga Mafara zuwa Maradun.