SHARHI: Yadda dokokin lasisin sana'a ke tsawaita hukuncin tsoffin fursunoni a Amurka

A watan Janairun 2025, lokacin da gobarar daji ta laƙume unguwanni a Los Anjeles, ɗaruruwan fursunoni na cikin waɗanda suka tunkari wutar. Amma an daɗe ana hana irin waɗannan mutane aikin kashe gobara bayan sun kammala wa'adinsu. Dalili kuwa shi ne yawancin hukumomin birane na neman takardar shaidar aikin agajin gaggawa, wadda ƙa'idojin jihar Kalifoniya suka haramta wa masu wasu manyan laifuka.

Matsalar ta wuce jiha ɗaya. Wani rahoto da Fadar Shugaban Amurka ta fitar a 2015 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar na buƙatar lasisi, alhali a farkon shekarun 1950 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Aski, gyaran gashi, aikin jinya da dillancin gidaje duk suna ciki. Dokoki da dama sun gindaya sharaɗin "kyawun hali" ba tare da fayyace ma'anarsa ba, kuma galibin mambobin hukumomin lasisin masu sana'ar ne, waɗanda ƙarancin abokan gogayya ke yi wa daɗi.

Masu kare dokokin na da hujja: wanda aka ɗaure kan zamba bai dace da riƙon dukiyar jama'a ba. Taƙaddamar tana kan laifin da bai shafi sana'ar ba. Tun 1957 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dole sharaɗin lasisin lauya ya danganci cancantar mai nema, kuma a 1976 jihar Niyok ta kafa dokar duba alaƙar laifi da sana'a. A 2020 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu kan dokar da ta bai wa fursunonin da suka yi aikin kashe gobara damar neman kotu ta goge laifinsu, ban da masu kisa, fyaɗe ko cinna wuta.

Sai dai gyaran bai kai ko'ina ba, domin kowace jiha da nata tsarin. Muddin gwamnati na kashe kuɗi wajen koya wa fursuna sana'a, sannan ta hana shi izinin yin ta, to ita da kanta take share masa hanyar komawa gidan yari.