A Kafa Zango a Bakin Tafkin Tiga

Duk manomin da ke noman rani a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, har da maƙwabtansu na Madobi, ya san sunan Tiga kamar yadda ya san sunan kakansa, gama daga can ne ruwan da ke shayar da alkamarsa da tumatirinsa yake gangarowa. Amma da za a tara yaran makarantun waɗannan garuruwa a tambaye su ko wa ya taɓa tsayawa a gaɓar tafkin ya ga hudowar rana a kansa, da wuya a sami masu ɗaga hannu da yawa, balle a yi zancen wanda ya kwana a can. Ruwan yana iske su har gona, su kuwa ba a yi musu masauki a bakinsa ba.

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 178, kuma daga birnin Kano tafiyar ba ta wuce kilomita 70 da 'yan kai ba. Lalle ne a yaba wa mutanen wancan zamani, domin ba noma kaɗai suka hanga ba, sun tuna da hutawa. An yi Otal ɗin Bagauda a bakin ƙaramin tafkin da aka raɗa wa sunan sarkin Kano na farko, aka kuma ɗora Rock Castle a bisa dutse yana fuskantar Tiga. To, amma don wa aka yi su? An yi su ne domin Turawa 'yan kwangila da manyan ma'aikata da attajirai, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. Da kuɗin suka ja baya a shekarun 1980, sai baƙi suka ɗauke ƙafa. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle, ta yi ɓarna mai yawa. Daga bisani gine-ginen otal ɗin suka koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Ba laifi ba ne gida ya zama makaranta, sai dai talakan Madobi bai shiga ba sa'ad da yake otal, yanzu ma ba shi da dalilin shiga.

Ya kamata mai karatu ya dubi yadda wasu suka yi da nasu tafkin. A Amurka an kammala madatsar Hoover a kan Kogin Colorado a 1936, ta haifar da tafkin Mead, wanda a 1964 majalisar ƙasar ta mai da shi wurin shaƙatawa na al'umma baki ɗaya. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo jama'a can ba wani mai tsada ba ne. Fili ne aka share aka yanka shi kashi-kashi, kowane kashi da teburi da murhu, ga famfo da makewayi a kusa. Magidanci ya zo da iyalinsa da tantinsa da guzurinsa, ya biya 'yan kuɗi, ya kwana biyu ko uku, ya naɗe kayansa ya bar wa na baya.

Wani zai ce ai wannan ɗabi'ar Turawa ce, Bahaushe da ɗakinsa me zai kai shi kwanan fili? Mai wannan magana ya manta da tarihi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, kowace yamma madugu ya sa a yada zango kusa da ruwa, a sauke jakai, a hura wuta. Yawancin unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara har gobe zango ake ce musu, ga kuma Zangon Daura da Zangon Katab a nan gida. Gardawa sukan fita bayan gari su kafa bukkoki su yi kiskadi don su sami natsuwar tilawa. Makiyaya da mashekarinsu, masunta da bukkokinsu a bakin ruwa, 'yan cirani da ke sauka Kadawa lokacin tsinkar tumatir, duka kwanan fili suke yi. Iyakar abin da yake sabo shi ne a yi shi domin hutu da buɗe ido, wannan kuwa ba ya bukatar a aro ko da kalma ɗaya. Zango sunansa, mai kula da shi kuwa sarkin zango.

Ɗaliban Hausa sun fi kowa bukatar irin wannan wuri. An saba ɗalibi ya hau mota da safe ya je ƙauye da rikodarsa, ya yi tambayoyi biyar, ya juyo kafin la'asar don kada mota ta ƙare. Masunci kuwa da rana yana kan ruwa ko kasuwa. Sai dare ya yi, yana gyaran koma ko birgi a gefen wuta, sa'an nan bakinsa ke buɗewa, ya bambanta maka ƙarfasa da gargaza, ya faɗi lokacin da tarwaɗa ke hawa da inda giwan ruwa ke fakewa, ya kawo kirarin sarkin ruwa da camfe-camfen sana'ar. Daɗin daɗawa, tafkin ya ci ƙauyuka da gonaki, an tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni. Waɗanda suka ga wannan ƙaura da idonsu yanzu tsofaffi ne, kowace shekara raguwa suke yi, kuma sunayen fadamu da kufai da makabartun da ke ƙarƙashin ruwan a bakinsu kaɗai suke. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne.

Haka kuma yaron Kura da ya kwana a Tiga cikin bazara, ya ga yadda ruwa ya janye ya bar laka mai nisa, zai gane cewa abin da ke bin magudanar gonarsu yana da iyaka. Zai kuma fahimci kukan mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da ke raya fadamunsu ta ragu tun da aka tsare kogin, ta ƙara raguwa da aka gama madatsar Challawa a 1992.

Ba za a ɓoye haɗarin da ke ciki ba. Ruwan da ba ya gudu matattarar tsargiya ne da sauro, saboda haka tilas a haƙa rijiyar burtsatse don sha da wanka, a kuma wajabta gidan sauro. Tafki ba kududdufi ba ne, kada a bar yaro ya shiga kwalekwale ba rigar ruwa, kuma masuntan wurin su ne suka cancanci a ɗauka aikin tsaro, tun da sun san inda zurfi yake. Dajin Falgore da ke kudu da tafkin ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu, don haka zangon ya kasance ta wajen garin Tiga, kusa da jama'a. Iyaye ma suna da hujja in sun yi ɗari-ɗari, gama sunan da wuraren shaƙatawa suka yi a da bai gamshe su ba. A ware sashen mata da na maza, a yi masallaci, a hana giya da kiɗan dare. Mafi muhimmanci, kada a kewaye mashayar shanu ko matsayar jiragen masunta da waya da sunan baƙi. Wanda aka tasa sau ɗaya domin ruwa bai kamata a sake tasarsa domin masu kallon ruwa ba.

Madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke da ikon ba da fili. Eka biyar sun isa a fara. Ƙungiyar ɗalibai na iya rubuta mata takarda ta hannun shugaban sashe, a nemi yardar hakimi da sarkin ruwa, a ari tantuna wurin 'yan sikawut, a gwada kwana uku da ɗaliban ajin ƙarshe bayan an ɗauke ruwan sama, kafin sanyin hunturu ya tsananta.