Cinikin Adireshin Intanet da Amanar Ilimi

Duk mai adireshi a intanet ɗan haya ne. Yakan biya kuɗin rajista na shekara ɗaya zuwa goma, in kuma wa'adi ya cika bai sabunta ba, sai a ɗan saurara masa. Ga adireshin da ke ƙarewa da .com, matakin ƙarshe shi ne kwana 30 na fansa da kwana 5 na jiran sharewa. Daga nan sunan ya zama na mai rabo. Dillalai na da manhajojin da ke cafke shi cikin daƙiƙa, kamfanonin rajista irin su GoDaddy kuwa sukan yi gwanjonsa tun kafin a kai nan.

Ƙa'idojin hukumar ICANN ba su hana wannan ciniki ba, amma ya kamata a dubi hajar da kyau. Abin da ke ba tsohon adireshi daraja shi ne yardar da wani ya yi shekaru yana ginawa. A 2015 John Bohannon ya bayyana a mujallar Science yadda 'yan damfara ke saye adireshin mujallun ilimi da wa'adinsu ya ƙare, su riƙa karɓar kuɗin wallafa daga manazarta. Sa'annan duk manazartar da ta ambaci adireshin za ta kai mai karatu gidan baƙo.

Saboda haka, bai dace mujallar jami'a ta bar rajistarta a hannun edita guda ba, domin edita yakan yi ritaya. A yi ta da sunan jami'a, a biya shekaru da yawa gaba ɗaya, kowace maƙala kuma a ba ta lambar DOI. Rigakafi ya fi magani.