Kafso Ba Ya Kashe Mura

Hunturu ya kama, ƙura ta tashi, daga Gaya har Ajingi da wuya ka shiga gidan da ba ka ji yaro yana tari ba. To, 'yan'uwa talakawa, mun san abin da ake yi. Uba ya je wajen mai kemis ko mai tallan magani a kasuwa, a ƙirga masa kafso huɗu, ya biya da kuɗin cefane.

Wannan asara ce. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, ita kafso irin su amoksisilin ke kashewa. Akwai kuma bairos, wanda ko kwali guda yaro ya sha bai san ana yi ba. Yawancin mura da tarin yara aikin bairos ne, haka ma ƙyanda, wadda in ta sauka a huhu takan yi kisa. A 2019 likitoci suka bayyana binciken da suka yi a ƙasashe 7, har da Mali da Gambiya. Cikin yaran da aka kwantar saboda ciwon huhu mai tsanani, wajen 61 cikin ɗari bairos ne sanadi, kuma guda ɗaya da ake kira RSV shi ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku.

'Yan kasuwa, da ku muke, don cikinmu kuke. Wanda ya sayar wa uwa kafso saboda majina ya ci kuɗinta a banza, ya kuma koya wa bakteriya jure magani, ran da ake bukatarsa ya ƙi ci.

Mura dai a ci gaba da ba da nono da abin sha, a raba yaro da hayaƙin murhu. Amma a ɗaga rigarsa a duba ƙirji. Ɗan wata 2 zuwa 11 in numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa, ko ya kasa kama nono, kada a kwana da shi a gida. Ma'aikacin lafiya ne zai ce ko amoksisilin ya kamata. Allurar ƙyanda kuwa kyauta ce, a wata 9 da wata 15.

Saura Gwamnati. Yaron da RSV ya toshe wa huhu, abin da ke riƙe ransa iskar oksijin ce, kuma ba a sayar da ita a tire. Muna tambayar Gwamnatin Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi: asibiti nawa ne a ƙasar nan ke da oksijin da na'urar auna shi a yatsa? In yaro ya shiɗe da tsakar dare a ƙauye, wace mota za ta ɗauke shi? Su fito su faɗa wa masu biyan haraji.