Yanke Bakin Bindiga: Aikin Da Ya Kamata Maƙeri Ya Ƙi

Tun daga rikicin watan Satumba na 2001, sa'an nan na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010, zancen makamai ya shiga bakin mutanen Jos yadda bai taɓa shiga ba a da. Anguwan Rogo, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, kusa da Jami'ar Jos ta hanyar Bauci, tana cikin unguwannin da suka ɗanɗana wannan masifa. Ƙura ta lafa, alhamdu lillahi, amma hirar bindiga ba ta bar teburin mai shayi ba. A cikin wannan hira akwai wata magana da samari kan maimaita: wai in aka datse wa bindiga baki ta fi sauƙin ɗauka, ta fi saurin juyawa a lungu, kuma ƙarfinta yana nan yadda yake. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa ƙarya ce, irin ƙaryar da kan ci yatsu, ko ido, ko rai ɗungum.

Domin mai karatu ya gane dalili, sai a duba yadda bindiga mai ɗura wa kanta harsashi take aiki, kamar AK-47 wadda sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949. Idan aka taɓa kunama, albarushin da ke cikin kwanso ya kama wuta, ya zama hayaƙi mai tsananin zafi da ƙarfi, shi ne ke tura harsashi cikin bututun ƙarfen nan da ake kira bakin bindiga. Kafin harsashin ya fita, wani ɗan kaso na hayaƙin yakan bi ta wata 'yar kafa ya bugi fistin, fistin ya koma baya ya tofar da kwanson da aka harba, sifirin ya dawo da shi gaba ya ɗauko sabon harsashi. Duk wannan kai da komo yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, kuma ya dogara ne ga ɗan lokacin da harsashi ya toshe bututun yana tare hayaƙin a bayansa. Watau tsawon bututun ba ado ba ne. Lissafi ne da aka auna shi tare da nauyin fistin da ƙarfin sifirin da yawan albarushi, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa.

To, da zarar an sa zarto an rage bututun, lissafin nan ya rushe. Harsashi ya fita da wuri, hayaƙi ya tsere bai gama aikinsa ba, sai bindiga ta yi harbi ɗaya ta cije. Albarushin da bai gama ƙonewa ba kuma sai ya ƙone a sarari, ya yi wani irin haske da ƙara wanda ke kashe wa mai harbin ido da dare, ya toshe masa kunne, ya kuma nuna wa kowa inda yake tsaye. Gudun harsashi ya ragu. Bugu da ƙari, a cikin bututun akwai zane mai murɗe wanda ke juya harsashi kamar katantanwa domin ya tafi sak, kuma tilas leɓen bututun ya zama daidai wa daida ta kowane gefe. Yankan zarto ba ya ba da haka. Sai a auna gabas harsashi ya nufi arewa maso gabas.

Kada wani ya ce ai gwani zai iya. Manyan masana'antun duniya ma sun sha wuya a kan wannan aiki. Lokacin yaƙin Biyetnam, kamfanin Colt na Amurka ya rage bakin M16 daga inci 20 zuwa inci 10 domin sojan da ke yaƙi cikin kurmi. Haske da ƙara suka yi yawa har sai da aka ƙera mata wani dogon ƙarfe na musamman aka ɗaura a baki, kuma a 1967 aka koma aka ƙara tsawon bututun zuwa inci 11 da rabi. Su ma mutanen Rasha da suka fito da gajeruwar Kalashnikov mai suna AKS-74U a 1979, wadda bakinta bai wuce santimita 21 ba alhali na uwarta ya kai 41 da ɗoriya, ba yankewa kurum suka yi ba. Sai da suka sake tsarin hanyar hayaƙi, suka sake murɗin cikin bututu, suka ƙera mata nata murfin baki, suka gwada ta shekara da shekaru. Duk da haka gudun harsashinta ya sauko daga mita 900 a daƙiƙa zuwa 735, kuma ta yi suna wajen saurin yin zafi. Wannan fa aikin injiniyoyi ne masu ma'auni da ɗakin gwaji da kuɗin gwamnati. Ina ga mai walda da ke aiki da ido a bayan gareji, wanda gwajinsa na farko shi ne ranar da mai kayan zai harba?

Sai kuma zancen ƙarafan da ake ɗaurawa a baki, waɗanda fina-finai suka ɗaukaka. Akwai mai rage haske, akwai mai rage naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa, akwai kuma mai rage ƙara. Kowannensu yana ba da abu ɗaya ya karɓe wani. Mai rage naushi yana watsa ƙara da hayaƙi gefe da gefe, wanda ke tsaye kusa shi ne zai sha. Mai rage ƙara ba ya mai da harbi shiru kamar yadda ake gani a majigi, sai dai ya mai da hayaƙi baya cikin bindiga, ya cika ta da dauɗa, ya hargitsa wancan lissafi ta wata fuska. Mafi muni, in ramin ƙarfen da aka liƙa ya kauce wa ramin bututun ko da kaurin gashi kaɗan ne, harsashi zai doke shi a hanyar fita. Abin da zai tarwatse a nan taku ɗaya ne tsakaninsa da fuskar mai harbin.

Wanda ya san Anguwan Rogo ya san yadda gidaje suke manne da juna, lunguna matsattsu, rufin kwano, yara na kai da kawowa tsakanin makarantar allo da shagon mai kayan miya. Bindigar da ba ta san inda harsashinta ya nufa ba, a irin wannan wuri, maƙwabci take nema. Kuma ɗan sintirin da ya ɗauka yana tsaron unguwa da ita, ranar da ya fi bukatarta ita ce ranar da za ta cije masa.

Idan an rasa ƙarfi, an rasa saiti, an rasa aminci, to, me aka samu? Abu ɗaya tak: ta shiga ƙarƙashin babbar riga ko cikin buhu a bayan babur. Maharbin da ke bin gada da zomo a duwatsun Filato da bindigar toka bai taɓa neman a rage mata baki ba, don ya san tsawon shi ne abincinsa. Mai neman gajeruwa ɓoyo yake nema, shi ya sa dokokin ƙasashe suka sa wa wannan aiki ido musamman. Amurka, duk da sakin da take yi wa makamai, a 1934 ta ware gajerun bindigogi da ƙarfen rage ƙara ta ɗora musu rajista da harajin dala 200, kuɗi mai nauyi ƙwarai a zamanin. A nan Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa rage bakin bindigar farauta mai santsin ciki ya gaza inci 20, ta kuma hana mallakar wadda aka rage. Bindigar soja kuwa, doguwa ko gajeruwa, ba a riƙe ta sai da lasin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ita ba lasi ɗaurin da ke jiransa bai gaza shekara 10 ba. Ko bindigar toka ma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yana da ikon hana riƙe ta sai da lasi. Ƙera makamai na yaƙi aikin masana'antar gwamnati ne da aka kafa a Kaduna a 1964, kuma rundunar tsaro ta musamman da aka girke a Jos tun 2010 ta sha bankaɗo maƙerun ɓoye a sassan Jihar Filato.

Abin da ya rage yana hannun masu sana'ar ƙarfe. Ba kowane saurayi ne ke da zarton ƙarfe da injin walda ba, dole ya kai wa wani. Maƙeri ko mai walda da aka kawo wa irin wannan kwangila da tsakar dare, aka ce masa gyara ne kawai, ya sani doka ba ta kiransa gyara, kuma ranar da aka kama mai kayan sunan wanda ya yi aikin ne farkon abin da za a tambaye shi. Ƙungiyoyin masu walda da na maƙera na Jos suna da shugabanni, suna da ranar taro, suna hukunta ɗan ƙungiya a kan abin da bai kai wannan ba. Ya kamata su tsai da magana ɗaya a kai, su sanar da masu unguwanni da limamai, domin in yaro ya je rumfar farko an ƙi, ya tarar da amsa iri ɗaya a ta biyu. Uban da ya tsinci irin wannan ƙarfe a ɗakin ɗansa kuwa, kada ya taɓa kunamarsa don gwaji. Ya nemi mai unguwa su tafi ofishin 'yan sanda tare.