Jinjina ga Masu Buɗe Ƙofa, Amma a Daina Gaggawar Biko

Yabon gwani ya zama dole. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Dokar ta tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya doki matarsa, ta mai da korar mace daga gida da ƙarfi laifi, ta kuma ba kotu ikon yi wa mai duka iyaka da wadda yake duka. A zamanin Gwamna Darius Ishaku jihar Taraba ta bi sahu da tata dokar. 'Yan majalisar dokoki da ke Jalingo da ƙungiyoyin matan da suka yi ta kai gwauro suna kai mari sun cancanci jinjina.

Akwai kuma waɗanda sunansu ba ya fita a rediyo. A Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol, da ƙauyukan da ke kewaye, akwai uban da 'yarsa ke buga masa ƙofa tsakar dare da goyo a baya da kumburarren ido, ya buɗe bai ce uffan ba, ya ce wa uwarta ta ɗora ruwan zafi. Akwai maƙwabciyar da ke jin ihu ta katanga ta tashi mijinta ya je ya yi sallama. Akwai liman da fasto masu kiran miji gefe su faɗa masa gaskiya komai ɗacinta. Waɗannan sun ceci rayuka. Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai da sauran aiki, kuma yana farawa ne da wayewar gari. Kwana biyu da yaji, sai ga 'yan biko da ƙullin goro. Dattawa su zauna a zaure, a ce: "Ki yi haƙuri, 'yata, zaman aure ya gaji haka. Ki koma ɗakinki ko don yaran nan." Ba wanda ya tambaye ta ko ya taɓa shaƙe ta, ko ya taɓa zare mata adda, ko ya taɓa rantsuwa sai ya ga bayanta. Alhali masu aikin kare mata a duniya sun daɗe da lura cewa waɗannan su ne manyan alamun kisa, kuma haɗarin ya fi tsanani a lokacin da mace ke shirin tafiya ko ta riga ta tafi. Mutuwar mawaƙiya Osinachi Nwachukwu a Abuja a Afrilun 2022, wadda kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa a kanta a 2025, ta isa ishara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 55 cikin 100 na matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Wadda ta iya buɗe baki, bai kamata a mai da ita da kalma ɗaya ba.

Addini ma bai ce a mai da ita ba. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, cutarwa hujja ce ta raba aure idan ta tabbata, ba sai mace ta fanshi kanta da khul'i ba. Malamai sun kuma yarda ta yi idda a wani gida idan tana tsoron ranta.

Ke kuma 'yar'uwa da har yanzu kike ciki, ki yi tanadi cikin sirri. Ki ajiye katin shaidarki, takardun haihuwar yara, maganinki da ɗan kuɗin mota daga adashinki a wurin wadda kika amince da ita. Ki haddace lambar waya ɗaya, don wayar ce abin da ake fara ƙwacewa. Ku yi alama da maƙwabciya, ko bugu uku a bango. In rigima ta tashi, ki nisanci madafi inda wuƙa da taɓarya suke, ki matsa kusa da ƙofa. In an ji miki ciwo, ki je asibiti a rubuta, ki adana katin. Kada ki sanar da ranar tafiyarki, kada kuma ki koma kwasar kayan ɗaki ke kaɗai.

Gwamnati ta sani cewa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da manyan lauyoyi suna Jalingo, kuma matar da aka ƙwace wa kuɗin shinkafarta ba ta da na mota. A fassara dokar da Hausa da Fulfulde da Tibi, a karanta ta a rediyo. A horar da 'yan sandan Gassol su daina cewa "maganar gida ce". A samar da mafaka ko da ɗaki biyu ne.

Iyaye da masu unguwanni, kun buɗe ƙofa, madalla. Kafin ku karɓi goron biko, ku kira yarinyar ita kaɗai ku tambaye ta ko tana tsoron ranta. In ta ce e, to kada ku mai da ita.