Bakin Mai Sharhin Ƙwallo Ba Na Maroƙi Ba Ne

Akwai waɗansu mutane da in sun ji mai sharhin ƙwallon ƙafa yana magana a rediyo sai su taɓe baki, su ce ai wannan ba sana'a ba ce, surutu ne kurum, kowane mai ƙaton maƙogwaro ya iya. Har su kan haɗa shi da maroƙi. Wannan magana ƙarya ce, ta kuma yi ɓarna, gama samari da yawa sun gaskata ta, sun shiga aikin da ihu, ba takarda ba alƙalami. Labarin wani Bature, John Motson na ƙasar Ingila, ya isa ya kunyata masu faɗinta.

An haife shi a 1945, ɗan wani limamin Kirista ne. Da alƙalami ya fara cin abinci, yana rubuta labarai a wata ƙaramar jarida ta Barnet, kusa da Landan, tun 1963. Daga nan ya koma wata jarida a Sheffield, kāna ya shiga gidan rediyon BBC a 1968. A rediyo mai sharhi shi ne idon makaho: tilas ya faɗi inda ƙwallo ta ke, da wanda ke riƙe da ita, da mintin da ya rage, in kuwa ya yi shiru mai saurare ya zaci akwatinsa ya lalace. Sa'ad da aka mai da shi talabijin a 1971 sai aikin ya juye. Can kowa na ganin ƙwallo da idonsa, wanda ya tsaya yana faɗa wa mutane abin da su ke gani ya zama mai gundura. Abin da a ke bukata shi ne sunan ɗan wasa nan take, da abin da ido ba ya nunawa, da sanin lokacin kame baki. Ina maroƙin da ya taɓa koyon shiru?

Gwaji aka ɗauke shi, ba a tabbatar masa da aikin ba. Ran 5 ga Fabrairu 1972 aka aike shi wasan Kofin FA, tsakanin Newcastle, babbar ƙungiya, da Hereford, wadda ba ta ma cikin manyan rukunoni. An zaci ɗan guntu za a nuna da dare. Newcastle ta ci ɗaya, wasa ya kusa tashi, sai Ronnie Radford ya ɗirka ƙwallo daga nesa cikin taɓo ta faɗa raga. Da aka ƙara lokaci Ricky George ya ci ta biyu. Aka sa wasan a gaba cikin shirin daren, duk Ingila ta ji muryar yaron, aikinsa ya zauna.

Nan ne masu rainin su ke kafa hujja, su ce ka ji, ashe sa'a ce. To, ba a musun sa'a, shi kansa ya sha faɗin cewa ƙwallon Radford ce ta gyara masa rayuwa. Amma sa'a ta kwana guda ce. Me ya riƙe shi shekara 50 a BBC, har ya yi sharhin gasar Kofin Duniya 10, da wasan ƙarshe na Kofin FA 29? Takarda ce ta riƙe shi. Kafin kowane wasa sai ya zauna ya rubuta sunayen 'yan wasa da lambobinsu da tarihinsu da hannunsa, da tawada launi launi, matarsa kuwa tana ajiye masa lissafin wasanni cikin littafi. Minti 90 da jama'a su ke ji, kwanaki ne na karatu a bayansu.

Ba a ce ba shi da aibu ba. Ya cika son lissafi, wani lokaci ya kan jibga wa mai kallo alƙaluman da ba wanda ya tambaya, har 'yan barkwanci su ka riƙa kwaikwayonsa, da shi da rigarsa ta fatar tunkiya. Amma a dubi irin laifin: na wanda ya yi karatu ya wuce kima ne. Laifin masu ihu fa? Su kira ɗan wasa da sunan wani, su goyi bayan ƙungiyar da su ke so a fili, su zagi alƙalin wasa a kan dokar da ba su karanta ba, jama'a kuwa su ɗauka, gobe a yi ta jifa a fili.

Akwai kuma ranar da ihu ba shi da amfani ko kaɗan. Ran 15 ga Afrilu 1989 Motson yana filin Hillsborough, inda Liverpool ke karawa da Nottingham Forest. Minti 6 da farawa aka tsai da wasa saboda turmutsitsi, wanda ya ci rayuka 97. Mutumin da ya zo da shirin ƙwallo sai ga shi yana ba da labarin mutuwa, alhali iyayen waɗanda ke ciki suna saurare. A wannan hali wanda ya saba auna kalma a jarida a ke so, mai faɗin abin da ya gani ya bar abin da bai tabbatar ba.

Ya yi sharhinsa na ƙarshe a talabijin na BBC cikin Mayu 2018, a filin Crystal Palace, 'yan kallo su ka tashi tsaye suna yi masa tafi. Ya rasu ran 23 ga Fabrairu 2023, yana da shekara 77.